Gita mai kartar yatsa: yadda ake goge ƙarafan wuyanta

Da hunturu ya shigo, makaɗan gita na Tawa da Damagaram sun san abin da ke biyo baya: gitar da ta yi lafiya lau duk damina sai ta fara kartar yatsa, wani lokaci har da jini. Masu laifin su ne ƙananan ƙarafan nan da aka gitta a wuyan gita, waɗanda masu gyara ke ce wa firet. Molo da gurmi da garaya ba su da su, shi ya sa masu haɗa kayan kiɗanmu na gargajiya ba su gaji wannan aiki ba.

Gita takan ɗauki firet 19 zuwa 24, yawanci na gaurayen jan ƙarfe da nikel. Katakon wuyan yana kumbura da laima, ya tsuke idan iska ta bushe, shi kuwa ƙarfe yana nan yadda yake. Gita ta fi son laimar iska kashi 45 zuwa 55 cikin 100, alhali a hunturunmu takan faɗo ƙasa da 20. Sai bakunan ƙarafan su leƙo a gefe kamar haƙoran zarto. Ƴan uwa da ke aiko wa ƙanne gita daga Kwatano ko Abijan, ku san da haka: ta taso daga bakin teku, dole ta ji a jikinta. Ba zambarku aka yi ba.

Lokacin gyara shi ne tsakiyar rani, sa'ad da katakon ya gama tsukewa. Abin da aka goge a lokacin ba ya sake fitowa.

A cire tsirkiyoyi, a liƙe katakon da salatif na takarda, a bar ƙarafan kaɗai a fili. A sami ƙaramin magagari mai laushin haƙora, a bi bakin kowane ƙarfe a hankali, ana tura shi zuwa ƙasa, kada a ɗago ƙarfen daga mazauninsa. Sau uku ko huɗu, a shafa da yatsa, a ƙara in da saura. Magagarin maƙera na wasa gatari bai dace ba ko kusa, cin katakon zai yi.

Sai saman ƙarafan, inda gumi ya bar kore-kore da kaushi. Nan aikin sanfefa ne: a fara da lamba 600, a bi da 1000, a ƙarasa da 2000, ana guga bisa tsawon ƙarfen. Hattara dai, saman firet a dunƙule yake kamar bayan kifi. Wanda ya matsa hannu ya baje shi, sautin zai kauce, tsirkiya ta riƙa zuza. Masu gyara na sheƙi da soson ƙarfe mai lamba 0000, ba na wankin tukunya ba. In gitar ta lantarki ce, a fara rufe na'urar ɗaukar sauti da salatif, domin maganaɗisu ne a ciki, yana jawo garin ƙarfen.

Akwai inda ya kamata mutum ya tsaya. A ɗora gefen reza bisa firet uku a jere. In tana lilo, na tsakiya ya fi sauran tsayi. Wannan, da ramin da tsirkiya ta ci cikin ƙarfe, aikin daidaita wuyan ne gaba ɗaya, gara a kai wa gwani a Yamai ko Agadas, inda makaɗan gita suka yi yawa. Ƙarfen da aka ci ba ya dawowa, sai dai a cire a sa sabo.

Bayan gyara, a riƙa ajiye gitar cikin gidanta tare da ɗan soso mai danshi a cikin gwangwanin sabulu da aka huhhuda, kuma kada a bar ta cikin mota da rana.