Nachtigal: Asali da Ma'ana da Yaɗuwar Wani Sunan Iyali na Jamusawa

Nachtigal sunan iyali ne a ƙasar Jamus, kuma yana cikin sunayen da masu amsa su ba su da yawa. An fi rubuta shi da harafin l biyu, wato Nachtigall, kamar yadda ake rubuta sunan tsuntsun da aka aro shi daga gare shi. Rubutun da ke da l ɗaya ya fi ƙaranci a Jamus, amma shi aka fi sani a Afirka, saboda Gustav Nachtigal, likitan da ya sauka a Kukawa ta ƙasar Barno a 1870. Haruffan ch da ke tsakiyar sunan daga maƙogwaro ake furta su, kamar harafin "kha" na Larabci.

Tushen kalmar

Tsuntsun da Jamusawa ke kira Nachtigall ɗan ƙarami ne, ruwan ƙasa, mai jajaja-jajan wutsiya. Ba shi da wani ado a jiki, muryarsa ce ta ɗaukaka shi. Yakan iso Jamus a watan Afrilu, namijin ya riƙa rera kuka cikin dare lokacin da sauran tsuntsaye suka yi shiru. Idan sanyi ya gabato sai ya yi ƙaura, ya ƙetare Bahar Rum da hamada, ya yi hunturu a kudancin Sahara, daga Senegal har zuwa Habasha, da Nijeriya a ciki.

A tsohon Jamusanci ana kiransa nahtagala. Kalmomi biyu ne aka haɗe: naht, wato dare, da galan, wato rera waƙa. Ma'anar sunan ke nan, mai waƙar dare. A Jamusancin tsakiyar zamani kalmar ta koma nahtegal, daga nan kuma rubuce-rubuce iri-iri suka tsiro, irin su Nachtegal da Nachtgall da Nachtigal da Nachtigall. Mutanen Holan, waɗanda harshensu ɗan'uwan Jamusanci ne, suna da sunan iyali Nachtegaal, Ingilishi kuma suna da Nightingale, duka daga tushe guda.

Yadda sunan tsuntsu ya zama sunan mutum

Har zuwa wajen ƙarni na 12 yawancin Jamusawa suna ɗaya suke amsawa. Da birane suka cika, ciniki ya bunƙasa, aka fara rubuta haraji da gado da bashi, sai suna ɗaya ya kasa wadatarwa, domin unguwa guda tana iya tara mutane da yawa masu suna Heinrich ko Johannes. Sai aka riƙa liƙa wa kowa wani ƙarin suna. Wannan al'ada ta fara ne a biranen kudu da yamma irin su Cologne, ta bazu zuwa arewa da gabas a ƙarni na 13 da na 14, ta isa ƙauyuka daga baya. Abin da ya mayar da laƙabi sunan iyali shi ne gado: ɗa ya ɗauki na ubansa, ko da dalilin da ya sa aka laƙaba wa uban bai shafe shi ba.

Masana sun kasa sunayen iyali na Jamusawa gida biyar. Akwai waɗanda aka samo daga sunan uba, da na garin da mutum ya fito, da na wurin da gidansa yake, da na sana'a, sai na laƙabi da ke bayyana kama ko hali. Nachtigal yana cikin rukuni na ƙarshe. Kamar yadda Bahaushe ke kiran mai yawan magana aku, haka Bajamushen wancan zamani ke kiran mai zaƙin murya da sunan wannan tsuntsu. Kwatancin ya daɗe a adabinsu. Wajen 1210 marubuci Gottfried von Strassburg, a cikin littafinsa Tristan, ya kira mawaƙan fada na zamaninsa da sunan tsuntsun, ya kuma ɗora Walther von der Vogelweide a kan gabansu. A 1523 Hans Sachs na Nuremberg ya yi wa Martin Luther waƙar yabo, inda ya kira shi Nachtigall na garin Wittenberg.

Akwai hanya ta biyu da sunan ke iya biyowa. Kafin a fara sa wa gidaje lamba a ƙarni na 18, gidajen birane da yawa suna da sunaye, tare da alama da ake zanawa ko sassaƙawa a ƙofa: zaki, mikiya, tauraro, ko wani tsuntsu. Mazaunin gida yakan gaji sunan gidan. Ta haka Johannes Gensfleisch na Mainz, wanda ya ƙago na'urar buga littattafai a Turai, ya zama Gutenberg, kuma ta haka iyalin Rothschild na Frankfurt suka samo suna daga jar garkuwa da ke ƙofar gidansu. Wanda ya zauna a gida mai alamar wannan tsuntsu yana iya zama Nachtigall ko da bai taɓa rera waƙa ba. An kuma sa wa filaye da wurare sunan. Wata tsohuwar mahaƙar kwal a garin Witten, wadda yanzu gidan tarihi ce, Nachtigall ake kiranta. Saboda haka masu wannan suna ba lallai ba ne su kasance tsatso ɗaya. An laƙaba shi a garuruwa daban-daban, ga mutanen da ba su san juna ba.

Tsofaffin masu sunan

A ƙarni na 15 an yi wani mai gashin burodi a Nuremberg mai suna Konrad Nachtigall, wanda ya rasu wajen 1484. Yana cikin ƙungiyar masu sana'ar hannu da ke tsara waƙa bisa tsauraran ƙa'idoji, waɗanda ake kira Meistersinger, kuma na baya sun lissafa shi cikin manyan magabatansu. Mai tsara kiɗa Richard Wagner ya sa mai irin sunansa a wasan waƙa da ya tsara a kan wannan ƙungiya, wanda aka fara nunawa a 1868.

Othmar Nachtgall, haifaffen Strasbourg, malami ne na harshen Girka da kiɗan coci, ya rasu a 1537. Malaman zamaninsa suna da ɗabi'ar juya sunayensu zuwa Latin, shi ma sai ya koma Luscinius, daga luscinia, sunan tsuntsun a wannan harshe. Da sunan Latin ɗin ya buga littattafansa, da shi kuma aka fi saninsa.

Rubutu mai l ɗaya ya fito fili a tsakiyar Jamus, a yankin da yau ake kira Sachsen-Anhalt. Johann Karl Christoph Nachtigal, wanda ya rayu daga 1753 zuwa 1819, malamin addini ne kuma shugaban makaranta a Halberstadt. A 1800 ya wallafa tarin tatsuniyoyi da almarar yankin duwatsun Harz da sunan aro, Otmar, kuma 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, sun amfana da aikinsa.

Dalilin bambancin harafi

A ƙa'idar rubutun Jamusanci ta yau, ninka baƙi yana nuna cewa wasalin da ke gabansa gajere ne, shi ya sa ake rubuta sunan tsuntsun da l biyu. A da babu tsayayyar ƙa'ida. Limamin coci da ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, ko magatakardan gari, yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji, har a sami mutum guda da rubutu biyu ko uku a littafi ɗaya.

Hukuma ce ta kawo ƙarshen wannan sassauci. Bavariya ta hana sauya suna da gaban kai a 1677, Prusiya ta sa irin wannan hani a dokarta ta 1794. A 1874 Prusiya ta buɗe ofisoshin rajistar haihuwa da aure da mutuwa na gwamnati, kuma daga farkon 1876 tsarin ya game daular Jamus baki ɗaya. Tun daga nan rubutun da ke cikin rajista shi ne sunan mutum a idon doka. Gyaran ƙa'idar rubutu da aka yi a 1901 bai taɓa sunayen iyali ba. Don haka iyalin da aka rubuta musu l ɗaya suka ci gaba da ita, kuma wannan harafi guda ya zama alama mai amfani ga masu bin diddigin zuri'a, domin yana raba reshe da reshe.

Gustav Nachtigal da isar sunan Afirka

An haifi Gustav Nachtigal ran 23 ga Fabrairu 1834 a ƙauyen Eichstedt kusa da Stendal, ɗan limamin coci ne. Ya karanta likitanci, ya yi aikin likitan soja a Cologne, sannan ciwon huhu ya sa ya koma Arewacin Afirka a 1862, inda ya zauna a Aljeriya da Tunis ya koyi Larabci. A 1869 ya tashi daga Tarabulus ɗauke da kyaututtukan Sarki Wilhelm na Ɗaya na Prusiya zuwa ga Shehu Umar na Barno. Ya ratsa duwatsun Tibesti, inda ya sha da ƙyar, ya iso Kukawa a watan Yuli 1870. Daga nan ya zaga Kanem da Borku da Bagirmi, ya shiga Wadai a 1873, ya bi ta Darfur, ya isa Alkahira a ƙarshen 1874. A duk wannan tafiya da sunan Idris Effendi aka san shi. Littafinsa mai juzu'i uku, Sahara und Sudan, wanda ya fito tsakanin 1879 da 1889, yana cikin muhimman madogaran tarihin Barno da Wadai, kuma ya bayyana azabar farautar bayi da ya gani da idonsa.

Ƙarshen rayuwarsa ya ɗora wa sunan wani nauyi na daban. A 1884 Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ya tura shi gaɓar Afirka ta Yamma a matsayin wakilin daula. Ran 5 ga Yuli ya ƙulla yarjejeniyar da ta sa Togo ƙarƙashin Jamus, ran 14 ga watan kuma ya kafa tutar Jamus a Duwala, abin da ya buɗe ƙofar mulkin mallakarsu a Kamaru. Ya rasu a cikin jirgin ruwa ran 20 ga Afrilu 1885, aka binne shi a Cape Palmas ta Laberiya, daga baya aka mayar da ƙasusuwansa Duwala. Ɗan 'yar'uwarsa, Rudolf Prietze, ya zama masanin harsuna, ya tattara karin magana da waƙoƙin Hausa daga bakin Hausawa mazauna Tunis da Alkahira.

Sunan ya zauna a Kamaru a kan wata magangarar ruwa ta kogin Sanaga, arewa maso gabas da Yawunde, inda aka gina madatsar ruwa ta Nachtigal mai ƙarfin megawat 420. A Berlin kuwa an cire shi. Dandalin da ke ɗauke da sunansa a unguwar Wedding an sauya shi a watan Disamba 2022 zuwa Manga-Bell-Platz, don tunawa da Rudolf Duala Manga Bell, basaraken Duwala da Jamusawa suka rataye a 1914, da matarsa Emily.

Yawan masu sunan da bazuwarsu

Jamus tana da sunayen iyali daban-daban kimanin 850,000. Waɗanda suka fi yawa duk na sana'a ne: Müller mai niƙa, Schmidt maƙeri, Schneider tela, Fischer masunci, Weber masaƙi. Dalili a fili yake, kowane ƙauye yana da mai niƙa da maƙeri, don haka sunayensu suka tsiro a dubban wurare lokaci guda. Cikin sunayen tsuntsaye, Vogel, wato tsuntsu, da Hahn, wato zakara, sun shiga ɗari na farko. Nachtigall yana can nesa da wannan sahu, domin laƙabi ne da sai mutum ya yi fice da wata baiwa ko ya zauna a wani gida na musamman kafin ya same shi. Ga kuma dokar aure: a Jamus ta Yamma har zuwa 1976 sunan miji ne sunan iyali, saboda haka reshen da ya haifi 'ya'ya mata kaɗai sunansa yakan ɓace. Sai daga 1994 doka ta ba miji da mata damar kowa ya riƙe nasa.

Ƙaura ta kai sunan nesa da mahaifarsa. Cikin mabiya ɗariƙar Kirista ta Mennonite da suka zauna a kwarin kogin Vistula, a ƙasar Poland ta yau, akwai iyalai masu suna Nachtigal. Wasunsu sun koma daular Rasha, kuma a 1874 suka bi ayarin da ya haye zuwa jihar Kansas ta Amurka, inda wasu suka juya rubutun zuwa Nightengale don ya dace da bakin maƙwabtansu. A Sloveniya sunan ya zama Nahtigal, kamar na masanin harsunan Slav, Rajko Nahtigal, wanda ya rayu daga 1877 zuwa 1958 kuma shi ne shugaban farko na cibiyar kimiyya da fasaha ta ƙasar. A cikin Jamus kanta, korar Jamusawa fiye da miliyan 12 daga yankunan gabas bayan 1945 ta cakuɗa taswirar sunaye, har ta kai inda ake samun suna a yau ba dole ne ya zama inda ya samo asali ba.

Masu nazarin bazuwar sunaye a Jamus sun fi dogara da jerin layukan tarho na gida na shekarar 2005, mai ɗauke da kimanin layi miliyan 28. A kansa aka gina babban ƙamus na sunayen iyali da Cibiyar Kimiyya da Adabi ta Mainz ke wallafawa a intanet tun bayan fara aikin a 2012. Irin wannan jeri yana nuna inda masu suna suke zaune a zamanin nan kawai. Wanda ke son sanin ko wani reshe na Nachtigal daga mawaƙi ya samo sunan ko daga alamar gida, sai ya koma rajistar gwamnati har zuwa 1876, daga nan ya bi littattafan coci, waɗanda a garuruwa da yawa suka faro tun ƙarni na 16, sannan ya duba littattafan haraji da na 'yan gari da suka girme su.