Kunstkamera: Gidan Al'ajabin Sarkin Rasha

A bakin kogin Neva, cikin birnin St. Petersburg, akwai wani tsohon gini mai hasumiya a tsakiya, sunansa Kunstkamera. Shi ne gidan tarihi na farko da aka buɗe wa jama'a a Rasha. Baƙi da yawa ba su tsayawa wani dogon kallo a ƙasa, zauren kwalabe suke nema, inda aka jera 'yan tayi da jariran da suka zo da tawaya, wani da kai biyu, wasu manne da juna, jiƙe cikin ruwan sinadari tun shekaru 300 da suka wuce.

Asalin abin tafiya ce. A 1697 Sarki Peter na Farko ya je Holan koyon ƙirar jirgin ruwa, sai ya faɗa gidan wani likitan Amsterdam, Frederik Ruysch, gwanin adana gawa har ta yi kamar mai barci. Abin ya shiga ransa. Ya dawo gida ya kama tara kaya, a 1714 kuma ya ba su wuri a fadarsa ta bazara. Daga wannan shekara ake ƙirga kafuwar gidan. A 1717 ya sayi tarin Ruysch ɗungurungum a kan gilda 30,000, bayan ya riga ya saye na wani mai sayar da magani, Albertus Seba.

Dokar da ya kafa a 1718 ita ce ta fi bayyana nufinsa. A lokacin, talakan Rasha in aka haifa masa ɗa mai tawaya, ko saniyarsa ta haifi maraƙi mai kai biyu, ɓoyewa yake yi, don an ɗauka aikin Shaiɗan ne ko sammu. Sarki ya ce wannan jahilci ne, tawaya daga lahanin jiki take zuwa, ko daga firgitar uwa tana da ciki. A batun firgita bai dace ba, amma ya kori Shaiɗan daga maganar, kuma ba ƙaramin abu ba ne a zamaninsa. Ya sa lada: gawar ɗan Adam mai tawaya rubul 10, ta dabba 5, ta tsuntsu 3. Wanda ya ɓoye, tara.

Sai kuma matsalar 'yan kallo. Da aka buɗe baje kolin a 1719, a gidan wani bafade da aka kashe, Alexander Kikin, mutane sun yi ɗari-ɗari. Sarki ya hana karɓar kuɗin shiga, ya ma ware kuɗi a ba duk wanda ya zo kofi ko barasa.

Shi kansa ya ƙara kaya: haƙoran da ya cire wa mutane da hannunsa, don yana ji da kansa a wannan sana'a. Ga ƙwarangwal ɗin hadiminsa Bafaranshe, Nicolas Bourgeois, mai tsawon da ya haura mita 2.

Peter bai ga ƙarshen ginin bakin kogi ba. Ya rasu a 1725, aka gama aikin a 1734. Gobarar 1747 ta cinye hasumiyar, ta lalata ƙatuwar taswirar duniya ta Gottorf, ƙwallo mai faɗin mita 3 da mutum goma ke zama a cikinsa su kalli taurari. An sake ƙera taswirar, sojojin Jamus suka kwashe ta a Yaƙin Duniya na Biyu, aka dawo da ita a 1947.

Kaya sun yi yawa har a shekarun 1830 aka raba su gida-gida, na dabbobi daban, na tsirrai daban. Abin da ya rage ya zama gidan nazarin al'adun al'ummomi a 1879, yau yana da kaya fiye da miliyan ɗaya daga Siberiya, Alaska, Asiya da Afirka. A sashen Afirka na wannan gida Farfesa Dmitri Olderogge ya yi shekaru yana aiki, shi ne editan ƙamusun Hausa da Rashanci da aka buga a Mosko a 1963.