Ƙaguwar da Kayan Aro Ya Rufe wa Katara

Ƙaguwar rafi, irin wadda mutanen Bomo da sauran ƙasar Zazzau suka sani, sulke gare ta gaba da baya. A bakin teku kuwa akwai danginta, fiye da iri 800, waɗanda bayansu taushi ne da shi, a murɗe kamar cikin katantanwa. Don haka sai ƙaguwar ta nemi katantanwar da mai ita ya mutu, ta shige da baya. Cikin ƙafafunta goma, biyu awartaki ne, wanda take toshe ƙofa da babbansu. Huɗu na tafiya. Huɗun ƙarshe ƙanana ne, da su take dafe bangon ciki. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, amma ita da shi take rayuwa.

Masana sun daɗe suna saɓani kan ko gidan nata ne. A ƙarni na 4 kafin Miladiyya, Aristotle na Girka ya rubuta cewa tana shiga katantanwar da ba kowa, in ta girma ta koma wadda ta fi faɗi. Nan ya yi daidai, ko da yake ya ɗauka daga laka take samuwa. Bayan kusan shekara 2,000, Jan Swammerdam na Holan ya feɗe ta, ya ce katantanwar fatarta ce, tare suke girma. An buga littafinsa a Leiden a 1737, bayan mutuwarsa. Bincike na baya ya gaskata Aristotle: 'yar aro ce.

Daga nan tambaya ta koma kan yadda ake rabon gidajen. A shekarun 1980, Ivan Chase, masanin zamantakewa a Amurka, ya nuna cewa katantanwa ɗaya kan amfani ƙaguwa da dama: wannan ta tashi, waccan ta gaji tsohon gidanta, kamar yadda ɗakin haya ke sauya hannu a Samaru. A 2010, Randi Rotjan da abokan aikinta suka bayyana yadda a wani tsibirin Belize suke yin layi, babba gaba, ƙarama baya. Ta farko na shiga sabon gida, sai kowace ta faɗa na wadda ke gabanta.

Dogaron nan da aro shi ya zame mata tarko a yau. Binciken Jennifer Lavers na 2019 ya ƙiyasta cewa kimanin 570,000 sun maƙale sun mutu cikin robobin da teku ya watso a tsibiran Cocos da Henderson. Warin gawa a wurinsu alama ce ta gidan da ba mai shi, sai wasu su biyo shi, su ma su afka cikin gorar, santsinta ya hana su fita.