Sandunan supap na injin CG: abin da ya kamata a sani kafin a rufe inji

A Kanan Bakashe, kamar sauran garuruwan da ke tsakanin Mayahi da Tasawa a jihar Maraɗi, babur ne ke ɗaukar buhun gero zuwa kasuwa, shi ne ke kai maras lafiya asibiti ta hanyar rairayi. Da yawa daga cikin waɗannan babura, da masu ƙafa uku na ɗaukar kaya, suna tafiya da inji samfurin CG. A cikinsa akwai wasu ƴan sanduna biyu sirara, waɗanda da faransanci ake kira tiges de culbuteurs. Kuɗinsu kaɗan ne, amma idan aka sa waɗanda ba su dace ba lokacin sabunta inji, aikin duka na iya komawa baya.

Kamfanin Honda na Japan ne ya fito da CG125 a shekarar 1975. Kafin nan ya lura cewa a ƙasashe masu tasowa ba a canza man inji kan lokaci, kuma injunan da ke da kam a sama, cikin kan inji, suna saurin lalacewa idan man ya yi datti. Sai ya sauko da kam ɗin ƙasa, kusa da inda mai yake taruwa, ya sa giya ta juya shi maimakon sarƙa. An soma ƙera babur ɗin a Burazil a 1976, har yanzu kuma ana yin sa a Pakistan. Daga baya kamfanonin China suka kwaikwayi injin, kuma nasu ne aka fi gani a garejojin Nijar.

Tunda kam yana ƙasa, supap kuma (wanda a Najeriya ake kira bawul) yana sama, dole a sami mai kai saƙo tsakani. Aikin sandar ke nan. Kam ya ɗaga wani ɗan ƙarfe a gindin silinda, shi kuma ya tura sanda sama, sanda ta tura ƙarfen lilo da ke kan inji, ƙarfen lilo ya danna supap ya buɗe. A injin CG ƙullun kam guda ɗaya ne ke yi wa supap biyun aiki, na shigar iska da na fitar hayaƙi. Ba kowane babur ke da sanduna ba. Bajaj Boxer, alal misali, da sarƙa yake aiki.

Matsala takan fara ne daga wurin saye. Kayan gyara da yawa suna shigowa daga Najeriya, ta Kano da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kuma kwali ɗaya kan ɗauki sunayen samfuri biyu ko uku. Abin da ke rubuce a jikin inji ya fi abin da ke jikin kwali gaskiya. Lambar 156FMI tana nufin CG125, 162FMJ na 150 ne, 163FML kuma na 200. Sandar CG125 tana da tsawon kusan milimita 141, ta injin 200 ta fi tsawo domin silindarsa ya fi tsayi. Da ido bambancin bai cika fitowa ba, shi ya sa makaniki mai hankali kan tafi shago da tsohuwar sandar a aljihu, ya jera su gefe da gefe, ko ya auna da pied à coulisse.

Sanda gajera takan bar tazara mai yawa. Inji ya riƙa ƙas-ƙas, supap ba ya buɗewa sosai, babur ya rasa ƙarfi a cikin yashi. Doguwa ta fi haɗari, domin ba ta da ƙara. Supap ba ya rufewa ruf, wutar konewa na bi ta gefensa, sannu a hankali bakinsa ya ƙone. Alamar farko ita ce wahalar tashi da safe. Akwai kuma abin da akan manta: idan an kankare kan inji domin ya daidaita, ko an sa jwan da kaurinsa ya bambanta da na asali, nisan da ke tsakanin kam da ƙarfen lilo ya canza, ko da sandar ta asali ce. Dunƙulen daidaitawa yana iya cike ɗan bambanci. Idan aka ga ya shige har ƙarshe, ko ya fito kusan duka kafin tazara ta yi daidai, tsawon sandar ne bai dace ba, kuma matsewa da ƙarfi ba zai gyara ba.

Sai batun ƙarfen da aka yi ta da shi. Sandar asali alminiyam ce, da kai na ƙarfe mai tauri a kowane gefe. A kasuwa akan sami wadda take ƙarfe zalla, kuma mai saye kan ɗauka cewa nauyinta alamar inganci ne. Ba lallai ba. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. A tsawon milimita 141, idan zafi ya ƙaru da digiri 100, bambancin yakan kai kusan milimita 0,15, alhali tazarar da littafin Honda ya ba CG125 milimita 0,08 ce kawai. Ke nan sandar ƙarfe a cikin silindar alminiyam za ta yi shiru da safe, da rana ta fara surutu. Maganaɗisu yana raba gardama, muddin an ɗora shi a tsakiyar sandar, domin kawunan biyu za su kama shi ko ta yaya.

Kafin a saka, a mirgina kowace sanda a kan gilashi. Wadda ta lanƙwashe za ta riƙa tsalle. A duba kawunan: kada su yi rawa, kada su kasance da rami ko kaushi. Tsohuwar sanda da ta lanƙwashe kuma tana da dalili, galibi supap ne ya maƙale ko ya taɓa fistan, kuma sabuwa za ta bi sahunta idan ba a nemo dalilin ba.

Wajen sakawa a shafa mai a kawunan biyu, a tabbatar kowace ta zauna cikin ɗan kofinta na ƙasa, a juya ta da yatsa a ji tana juyawa ba tare da cijewa ba. A maido da ɗan faifan da ke riƙe su a kan inji. Sannan a juya inji da hannu har alamar T ta zo daidai da tsagar murfi, a lokacin da supap biyun suke rufe, a daidaita tazara da siraran ƙarafan awo, inji yana sanyi. Ma'aunin kunne, wanda garejoji da yawa suka dogara da shi, ba ya jin supap da aka matse fiye da kima. A sake juya injin da hannu sau biyu ko uku kafin a buga shi.

Sabbin kawuna sukan ɗan zauna bayan aiki ya fara, don haka a sake auna tazarar lokacin canjin mai na farko. A nan ne kuma ya kamata a wanke ragar tace mai da ke ƙasan inji da soson tace iska, musamman a watannin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina.