Tsire-tsire Masu Haske

Tsire-tsire masu haske su ne shuke-shuken da ganyensu, furensu ko 'ya'yansu ke fitar da haske a cikin duhu. A cikin halittu, haske irin wannan sananne ne ga maƙesu, da wasu kifaye na ƙarƙashin teku, da ƙwayoyin bakteriya, da wasu nau'o'in naman kaza. Amma babu wani tsiro da aka sani yana yin haske bisa ɗabi'arsa. Saboda haka tsiro mai haske, kamar tumatir mai 'ya'ya masu walƙiya, ya daɗe yana zaune a cikin ƙagaggun labarai kafin masana kimiyya su samar da wani abu mai kama da shi.

A cikin ƙagaggun labarai

Marubuta labaran duniyar sihiri sukan yi amfani da irin wannan tsiro don nuna wa mai karatu cewa ya bar duniyar da ya sani. A littafin The Silmarillion na J. R. R. Tolkien, wanda aka buga a 1977, bishiyoyi biyu ne, Telperion da Laurelin, ke haskaka ƙasar Valinor tun kafin a yi rana da wata. Fim ɗin Avatar na James Cameron, wanda ya fito a 2009, ya nuna dajin Pandora yana sheƙi da dare, kuma ya taimaka wajen cusa wannan siffa a zukatan jama'a. Idan marubuci ya zaɓi tumatir, dabarar ta ɗan bambanta: kayan miya ne da kowa ya saba gani a kwando, don haka haskensa ya fi ba da mamaki fiye da na furen da babu wanda ya taɓa gani.

Yadda hasken ke samuwa

Halittu masu haske suna da wani sinadari da ake kira lusiferin. Idan ya haɗu da iskar oksijin, tare da taimakon wani sinadarin mai suna lusiferes, sai haske ya fita, kusan ba tare da zafi ba. Lusiferin na maƙesu daban ne da na naman kaza, kuma wannan bambanci shi ne ya raba gwaje-gwajen da suka ci nasara da waɗanda suka ci tura.

Tarihin gwaje-gwaje

A 1986 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke San Diego suka sanya ƙwayar gadon maƙesu a cikin shukar taba. Tabar ta yi haske, amma sai an shayar da ita ruwa mai lusiferin, kuma hasken ya yi rauni ƙwarai, sai an ɗauki tsawon lokaci ana ɗaukar hotonsa kafin hoton ya fito.

A 2013 wani shiri mai suna Glowing Plant ya tara fiye da dala 480,000 a dandalin Kickstarter, da alƙawarin aika wa waɗanda suka ba da kuɗi irin tsiro mai haske. Alƙawarin bai cika ba, aka yi watsi da aikin a 2017. A shekarar ce kuma ƙungiyar Michael Strano ta cibiyar MIT ta bi wata hanya: maimakon taɓa ƙwayoyin gado, sai suka ɗura sinadaran cikin ganyen wani tsiron ruwa, ya yi haske na kusan awa huɗu.

Mafita ta zo ne daga naman kaza. A 2018 wasu masana, akasarinsu daga Rasha, suka bayyana yadda nau'in Neonothopanus nambi ke haɗa lusiferin nasa daga sinadarin kafeyik asid. Wannan sinadari kuwa tsire-tsire suna yin sa da kansu, domin yana cikin abubuwan da suke amfani da su wajen gina ƙarfin kara da itace. Ke nan abincin hasken yana nan a jikin tsiron, kayan sarrafa shi kawai aka rasa. A 2020 aka sanar da tabar da aka sanya wa ƙwayoyin gado huɗu na naman kazan, tana ba da koren haske da ido ke gani, tun daga tsirowa har girma, ba tare da an zuba mata komai ba. Sababbin tofo da furanni su suka fi haske.

Ma'aikatar noma ta Amurka ta ba kamfanin Light Bio damar sayar da furen fetuniya mai irin wannan haske a 2023, aka fara sayar da shi a 2024 kan dala 29. Sunansa na kasuwa Firefly Petunia, wato furen maƙesu, ko da yake babu komai na maƙesu a jikinsa. Da rana farin fure ne kawai, ba a ganin haskensa. Haskensa bai kai na fitila ba, sai ɗaki ya yi duhu sosai, ido ya saba, sannan a gan shi.

Dangantaka da tumatir

Taba da fetuniya duk dangin tumatir ne a rabe-raben masana tsirrai, tare da barkono, gauta, yalo da dankalin turawa. Shi ma tumatir an sha sauya masa ƙwayoyin gado. Tumatir ɗin Flavr Savr, wanda aka fitar a Amurka a 1994 don ya daɗe bai ruɓe ba, shi ne abinci na farko irin wannan da ya shiga kasuwa. Daga baya Cathie Martin ta cibiyar John Innes da ke Ingila ta samar da tumatir mai launin shunayya ciki da waje, wanda Amurka ta amince da shi a 2022, aka soma sayar wa masu lambu irinsa a 2024.