Kalmar "na'ura": ma'anarta da asalinta

A labaranmu muna yawan cewa "na'ura", alhali a kasuwa "inji" ko "mashin" ake ji. Shi ya sa yau muka ɗauko kalmar domin mu san mafarinta da abin da ya raba ta da ƴan uwanta.

Ma'ana

Na'ura, jam'i na'urori, ita ce duk wani abin da aka harhaɗa daga sassa daban-daban, kowane sashe da aikinsa, su taru su yi aiki guda. Fartanya ba na'ura ba ce, wuƙa ma haka, waɗannan kayan aiki ne. Amma rediyo, agogo da wayar hannu na'urori ne, don in ƙaramin sashe ɗaya ya lalace, to, sauran duka na iya tsayawa.

Asali

Daga Larabci muka aro ta. A wajen Larabawa, na'ura wata babbar ƙafa ce ta katako mai siffar ƙafar amalanke, an jera mata akwatunan ɗiban ruwa a gefe. Ƙarfin kogi ne ke juya ta, ta ɗebo ruwa ta zuba a magudana ta sama, ya gangara gonaki. Masana harshe da dama suna danganta sunan da kukan da katakon ke yi in yana juyawa.

Har yau akwai guda 17 a birnin Hama na ƙasar Siriya, a bakin kogin Asi. Babbarsu, Muhammadiyya, an gina ta a 1361, faɗinta wajen mita 21. Ta hanyar Larabawan Andalus kalmar ta shiga harshen Sifaniya, daga nan ta kai Faransanci, inda ake cewa "noria".

Mu nan jigo muka gada wajen ban ruwa, ba irin wannan ƙafar ba. Da kalmar ta zo, sai ta bar ma'anar ɗiban ruwa ta zama sunan kowace ƙira mai sassa. Daga nan aka samu na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, da na'urar ɗaukar hoto da na'urar sanyaya ɗaki.

Ƴan uwanta

Inji: daga Ingilishi. Shi ne mai shan mai ko lantarki yana ruri, kamar injin niƙa da injin ban ruwa da manoman rake da dankali ke kafawa a fadamun Bengu.

Keke: ana ganin daga Yarabanci ta zo. Yawanci abu ne mai ƙafa ko mai juyawa wanda hannu ko ƙafar mutum ke sarrafawa: keken hawa, keken ɗinki, keken rubutu.

Mashin: akwai ta a Faransanci da Ingilishi, kuma nan ne ake samun ruɗani. Wanda ya yi lakwal a Nijar, in ya ce mashin, kowace na'ura yake nufi. Amma da ka tsallaka Kamba, mashin shi ne babur, abin da mu muke kira moto.

Abin lura

Kun ga ke nan kowane inji na'ura ne, amma ba kowace na'ura ce inji ba. Wanga bambanci yana da amfani ga mu mazauna bakin iyaka. Manomi zai iya aika yaro Gaya, Malanbil ko Kamba neman "kayan mashin", a dawo mai da kayan babur, alhali injin ban ruwa ne ya tsaya, shuka kuma na ƙonewa. Don haka in za a yi aike, a faɗi aikin abin: injin ban ruwa ne ko na niƙa. A rubuta sunan kamfani da lambar da ke jikinsa. In da hali ma, a tafi da sashen da ya lalace a hannu, a gwada kafin a biya.