Asalin Wasan Wuta na Birnin Faris

Wanda ya sauka Faris, babban birnin Faransa, ran 14 ga watan Yuli zai ga abin mamaki. Lokacin nan mu muna tsakiyar damina, su kuwa lokacin zafinsu ke nan, rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma na dare. Da duhu ya yi sai jama'a su taru gindin hasumiyar Eiffel, a yi ta harba wuta sama, tana fashewa launi launi.

To, mene ne asalin wannan biki? A shekarar 1789 Sarki Louis na 16 ke sarautar Faransa. Bashi ya yi wa baitulmali katutu, haraji ya danne talakawa, manya kuwa an ɗauke musu yawancinsa. Ga shi amfanin gona ya lalace a 1788, burodi ya yi tsada.

Ran 14 ga Yuli mutanen Faris suka sami bindigogi, amma ba albarushi. Suka ji an tara shi a wani kurkuku mai ganuwa da ake kira Bastille, suka auka masa. Aka kashe musu kusan mutum 100 kafin su ci wurin, su kuma suka kashe yarin. Fursuna 7 kaɗai suka tarar ciki. A 1793 aka fille wa sarki kai, a 1880 kuma aka mai da ranar nan ta bikin ƙasa.

Albarushin da aka zub da jini dominsa, irinsa ake ƙonawa yau don murna. Duk mai riƙe da jama'a ya kamata ya tuna, talakawan Faris sun daɗe suna kukan yunwa kafin su ɗauki bindiga.